Kalmar da Yaya Ya Nema a Bakina

Na Allah muke tun farko, kuma gare Shi kowace hanya take ƙarewa. Yayana, wanda muka sha nono ɗaya, ya rasu ranar Talata bayan la'asar yana da shekara tamanin da bakwai. Bai rasu a kan gadonsa ba. A kan titi aka sare shi, taku kaɗan daga ƙofar gidansa a Kakuri. Ina rubuta wannan ne domin jikokinsa su san wanda suka rasa, kuma domin akwai wani abu da ya yi sama da shekara ashirin yana nema a bakina, ban ba shi ba sai da idonsa ya rufe.

Safiyar Laraba, kafin a fito da gawa, na zauna a rumfar ƙofar gida ina karɓar gaisuwa, da yake ni ne babban da ya rage. Na halarci jana'iza da yawa a rayuwata, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Kusan duk wanda ya durƙusa ya yi mini ta'aziyya, sai ya juyo mini da wani sashe na fuskarsa.

Na farko wani bakanike ne ɗan ƙabilar Ibo daga Sabon Tasha, kansa fari fat. Ya cire hula, ya bi wani siririn layi da yatsa, daga kunne zuwa haɓa.

"Baba, ka ga wannan? Fankar mota ce. Shi ya ɗinka. Wallahi madam ɗina sai da muka shekara da aure ta gano shi." Sannan ya ce, "Da ya gama sai ya ce mini hansam. Ni! Da wannan hancin nawa kamar murhu!"

Ya fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, har sai da aka kama shi aka ɗaga.

Bayansa wata dattijuwa 'yar Binuwai ta iso daga Romi. Ta yi aiki a masaƙa a zamanin da Yaya yake ɗakin shan magani na ma'aikata. Ta ɗage ɗankwali ta nuna mini inda inji ya kama gashinta ya ɗaye fatar goshi. Ta ce, "Mu mata ma hansam yake ce mana. Bai ware kowa ba." Limamin unguwa, da yake zaune a damata, ya sunkuyo ya ce, "Malam, yau kam kowa da takardar shaidarsa ya zo."

Can nesa da rumfa, iyayen samarin da faɗansu ya ci ran Yaya suna zaune a ƙasa. Ɗaya daga cikin matan tana birgima tana tsine wa cikin da ya haifi ɗanta. Babu wanda ya je ya ɗaga ta.

Mutum ɗaya ne ban gani a rumfar ba, wato ɗana na fari. Yana cikin ɗakin da gawa take, ya kulle ƙofa. Na san abin da yake yi a ciki, na kuma san idan ya gama ni zai nema. Rabon da in ga gefen hagu na fuskar ɗana tun ranar da aka sare ta, kuma laifin ba nasa ba ne.

Ya wajaba in yi bayanin kalmar nan, domin a kanta ne ni da Yaya muka rabu. Ni malamin Turanci ne, shekara talatin da biyar ina riƙe da alli, na kuma yi ritaya ina hedimasta. Malaman da suka koyar da mu ba su san wasa da kalma ba, ni ma haka na tashi. Na koyar da cewa handsome siffa ce ta namiji wanda halittarsa ta tsaru, fuskarsa ta daidaita, yana da cika da kwarjini. Ba a faɗarta ga jariri, ba a faɗarta ga akuya, ba a kuma faɗarta don a faranta wa mutum rai. Na taɓa karya rula a kan yatsun wani ɗalibi saboda ya jingina ta ga mahaifiyarsa a cikin insha'i. A lokacin ina ganin gyara na yi.

Yaya kuwa a aji huɗu na elemantare ya tsaya. Aikin ɗinkin rauni a hannun wani likita Bature ya koya a masaƙa, kuma a bakinsa ya tsinci kalmar, domin shi Baturen yakan faɗe ta idan aiki ya fita tsaf. Yaya ya ɗauke ta ya murɗe ta ta koma hansam, ya riƙa raba ta kamar goro. Injin saƙa ba ya da tausayi. Yana cin yatsu, yana fizge gashi, bel yakan tsinke ya tsaga kumatu. Duk wanda aka kawo masa da fuska a buɗe, Yaya yakan wanke ta, ya zaɓi zare mafi siranta, ya bi ƙwaryar fuskar da lanƙwasarta yadda tabon zai ɓuya a cikin tamoji idan mutum ya tsufa. Hannu ko ƙafa yakan gama cikin minti kaɗan. Fuska kuwa, ko masaƙa za ta ƙone ba ya sauri.

Yana da ƙa'ida ɗaya da ba ya karyawa. Idan ya gama, ba ya ba mai rauni madubi. Sai ya fita ya nemo mafi kusa da shi a jini, ya ja shi gefe ya ce, "Za ka shiga, ka dube shi ido cikin ido, ka ce masa hansam. In ba za ka iya ba, ka zauna a waje." Yakan ce madubin farko na mai rauni shi ne idon ɗan'uwansa, kuma abin da ya gani a cikinsa shi zai ɗauka har kabari.

Na taɓa tsare shi a kan wannan, muna cin tuwon sallah a gidana da ke Barnawa. Na ce masa wulaƙanta harshe ne, kuma ƙarya ce, mutum fuska a kumbure a ce masa haka. Na ce in dole ne sai an yi ƙaryar, me ya hana a yi ta da Hausa?

Ya suɗe yatsunsa ya ce, "In na ce masa kyakkyawa, zai san ƙarya nake, ya ji haushi. In na ce hansam, dariya yake yi. Dariyar nake so, Hedimasta. Ita ke nuna mini ko ɗinkin ya kama."

Na ce ai kalmar tana da ma'ana, kuma ba wannan ba ce.

Ya ce, "Kai ka san ma'anarta, ni na san amfaninta. Miƙo miyar."

Kada wanda bai san shi ba ya zaci mutum ne mai sanyi. Yaya wuta ne. A ranakun da babu allurar kashe zafi, gwiwarsa yake ɗorawa a ƙirjin ƙato ya danne shi, yana ɗinki yana zaginsa da ragon maza. Wata rana wani direba ya kawo matarsa leɓe a tsage, ƙashin hanci a karye, ya ce a bakin rijiya ta faɗi. Yaya ya ga shatin kan bel a kumatunta. Ya ɗinke ta a tsanake, ya sa ƙanwarta ta faɗa mata kalmar, ya sallame su. Sannan ya kira mijin ciki, ya murza makulli, ya zare bel ɗin daga ƙugun mutumin, ya yi ta zabga masa har sai da girarsa ta fashe. Da ya huce, ya zaunar da shi ya ɗinke girar da zare mai kauri, ɗinki uku manya kamar na buhu. A iya sanina, wannan direban ne kaɗai ya taɓa fita daga hannun Yaya bai ji kalmar ba.

Sai shekarar da garin nan ya kama da wuta, wadda bayanta kowa ya kwashi iyalinsa ya koma inda masu irin addininsa suka fi yawa. A lokacin Yaya ya riga ya bar aiki, amma akwatin kayan ɗinkinsa yana ƙarƙashin gado, kuma kowa a Kakuri ya san haka. Tun da hantsi hayaƙin taya ya rufe rana. Ana jin ihu daga kowace kusurwa, ana jin ƙarar kwanon rufi yana fashewa a cikin wuta. Ɗana na fari, yana da shekara ashirin da biyu, ya fita da safe zuwa makaranta, ya juyo da ya ga hanya ta lalace, aka tare shi a wata mahaɗa tsakanin Barnawa da Kakuri. Har yau ban san ko masu zuwa coci ne suka sare shi ko masu zuwa masallaci ba. Wando da shat ne a jikinsa, kuma ba su tsaya tambaya ba. Wani maƙwabcinmu ɗan Filato ne ya tsince shi a cikin kwata, ya ɗora shi a baro ya tura shi har gidan Yaya, sannan ya zo ya kira ni.

Abin da na tarar a tsakar gidan nan ba ya fita daga idona. Mutane kwance a jere har bakin rijiya. Wani yana riƙe da kunnensa a tafin hannu, yana tambayar kowa ko za a iya mayarwa. Wata mata an sare ta a hannu lokacin da ta kare kanta, ƙashi fari a waje, ba ta ko kuka. Ruwan da ake wanke raunuka da shi ya bi makwarara ya fita waje ja wur. Zaren asibiti ya ƙare tun kafin azahar, matar Yaya tana tafasa zaren tela a tukunyar miya. Ƙulli ɗaya na siririn zaren ya rage, wanda Yaya ya ɓoye a aljihu saboda fuska, kuma a kan ɗana ya ƙare.

Addar ta shiga daga gefen goshi na hagu, ta bi ta kan ido, ta tsaga kunci har leɓe, ana ganin haƙoransa ta cikin kumatu. Idon ya riga ya tsiyaye. Maza huɗu suka danne shi. Ni ina waje a tsaye, ina jin muryarsa tana kiran Baffa, domin haka yake kiran Yaya, har muryar ta dushe ta koma gurnani. Awa biyu cur.

Yaya ya fito, jini har gwiwar hannu. Ya ja ni bayan ɗaki.

"Zai rayu. Idon ya tafi, amma zai rayu. Yanzu saura naka. Ka san abin da za ka ce."

Na ce, "Yaya, ɗan fari ne. Ka san ba na ko kiran sunansa."

Ya ce, "Ban ce ka kira sunansa ba. Shiga."

Na shiga. Fuskar ta kumbura kamar ƙwarya, ɗinkin ya bi ta baƙi kamar shanshani. Ido ɗayan da ya rage yana yawo a ɗakin, da ya same ni sai ya tsaya. Na buɗe baki. Allah shi ne shaida, na buɗe baki. Amma ni mutum ne da bai taɓa ba amsar da ba daidai ba maki ba, kuma a wannan lokacin, a gaban ɗana, wannan halin ne ya riƙe mini harshe. Na ce, "Allah ya sawwaƙe." Na kau da kaina wajen bango, na fita.

Ban kai tsakiyar gida ba na ji mari. Hulata ta faɗa cikin jan ruwan nan. Ina da shekara hamsin da biyar, hedimasta, a gaban tsofaffin ɗalibaina da iyayensu.

"Awa biyu ina ɗinke yaron nan," in ji Yaya, "ka farke shi da kallo ɗaya! Kunyar ɗan fari suna ta hana ka kira, ba ta ce ka kau da ido ba. Ƙamus ɗin naka zai ɗauki makararka?"

Abin da na yi bayan wannan shi ne mafi muni a rayuwata, bayan wanda na yi a cikin ɗakin. Na cakumi wuyan rigar yayana na maka shi da bango. Girarsa ta dama ta daki bakin taga ta fashe, jini ya rufe masa ido. Mata suka sa salati. Shi kuwa bai rama ba. Ya tsaya a gaban madubin matarsa ya yi wa kansa ɗinki huɗu, ya wanke hannu, ya ce a kawo na gaba.

Yayarmu mace, Allah ya jiƙanta, ita ta sasanta mu bayan wata bakwai, na durƙusa na ba shi haƙuri ya karɓa. Amma ɗana bai sake kwana a gidana ba. A gidan Baffansa ya warke, a can ya canza karatu ya koma aikin jinya, Yaya ne ya nema masa aure, shi ya yi wa 'ya'yansa huɗuba. Bai taɓa yi mini rashin ladabi ba. Duk sallah yana zuwa Barnawa ya durƙusa ya gaishe ni, amma a karkace yake durƙusawa, gefen dama a wajena, gefen hagu a wajen ƙofa. Ni kuma in dubi tabarma. Haka muka yi sama da shekara ashirin. An ce girman kai rawanin tsiya. Ni na naɗa nawa na zauna da shi.

Yaya bai taɓa barin maganar ta kwanta ba. Duk sallah, bayan an watse, sai ya taɓa tabon girarsa ya ce, "Hedimasta, an samo kalmar kuwa? Mu biyu ne fa muke jira." Ni kuma in ce tana nan a ƙamus inda na bar ta. Sai ya yi tsaki ya ce, "Za ka faɗe ta. Ina dai roƙon Allah ya sa da sauran mai ji."

Ranar Talatar nan, samari ƙungiya biyu suka kaure da faɗa a mahaɗar kusa da gidansa, da wuƙaƙe da barandami. Masu shaguna suka ja ƙofofi. Aka soki wani a wuya ya faɗi a tsakiyar titi, jini yana tsartuwa. Waɗanda suka leƙa ta taga sun ce sun ga Yaya ya fito da sandarsa a hannu ɗaya, tsohon akwatinsa a ɗaya, yana tafiya a hankali kamar mai zuwa masallaci. Ya durƙusa ya danna babban yatsansa a kan jijiyar. Waɗanda suka soki saurayin suka dawo don su ƙarasa shi. Suka ce tsoho ya matsa. Ya ce in ya ɗaga yatsan nan yaron ya mutu, saboda haka ba zai ɗaga ba, kuma ya san uban kowannensu. Saran da aka kai wa na kwance, a fuskar Yaya ya sauka. Saurayin yana asibiti, an ce zai tashi. Sai da aka ɓamɓare yatsun Yaya daga wuyansa.

Wannan ne ya sa ɗana ya kulle kansa da gawar safiyar Laraba. Ya ce ba za a wanke Baffansa da fuska a buɗe ba.

Wajen ƙarfe tara ƙofar ta buɗe. Ya ratso rumfa, mutane suna matsa masa, ya tsaya a gabana a karkace yadda ya saba.

"Baba, na gama. Ka san ƙa'idarsa. Sai na jini ya gani kafin a rufe."

Na tashi na bi shi. Yaya yana kwance a kan tabarma, an rufe shi zuwa wuya. Saran ya bi daga goshi zuwa muƙamuƙi, amma sai da na sunkuya sosai kafin na ga zaren. An bi tamojin tsufansa ɗaya bayan ɗaya an ɓoye ɗinkin a ciki. Aikin Yaya ne sak, a hannun wani. Tsohon tabon girarsa ta dama, wanda ni na yi, yana nan yadda yake.

Ɗana ya zagaya ya tsaya a ɗaya gefen gawar, ya fuskance ni sosai, hasken taga yana dukan gefen hagunsa. Ya ce, a hankali, "In ba za ka iya ba, Baba, ka zauna a waje."

Na sa yatsa a kan tabon girar yayana. Ban faɗe ta yadda na koyar da ita shekara talatin da biyar ba. Yadda yake faɗarta na faɗe ta.

"Hansam."

Sannan na ɗago. Na dubi ramin idon da babu ido, na dubi farin layin da ya sauko ta kunci ya ɗan ɗage leɓe, na ga furfura ta fara fito masa a gefen tabon, furfurar da ban san yana da ita ba. Na zagaya gawar, na ɗora tafin hannuna a kan wannan kuncin, na sake faɗa.

Sai gefen bakinsa ya fara rawa, wata gajeriyar dariya ta kuɓuce masa, a gaban gawa, hawaye yana zuba daga ido ɗayan. Liman ya yi gyaran murya a bakin ƙofa.

"Baba," in ji ɗana, "ashe kai ma ba ka iya Turancin ba."

Ba zan ce shekara ashirin sun goge a cikin minti ɗaya ba. Ɗan da na bari a ɗakin nan saurayi ne, wanda na samu magidanci ne mai furfura, kuma abin da ke tsakani ya wuce, ba ni da hannu a cikinsa. Amma ranar Juma'a bayan sadakar uku ya zo Barnawa ba tare da sallah ta yi ba, ya zauna a tabarmata, gefen hagunsa a wajena, muka ci abinci a kwano ɗaya. Na tuna abin da Yaya yake nema a cikin dariya, na san ɗinkin ya kama. Shi ne dai bai ji ba.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka da fuska a ɗinke. Ka yafe masa zafin zuciyarsa da zafin hannunsa, ka karɓi yatsan da ya ƙi ɗagawa. Ya tsaya a kan kada mai rauni ya buɗe ido ya ga an kau da kai daga gare shi. Ka sa fuskar farko da zai gani a kabarinsa ta dube shi ido cikin ido, da fara'a. Amin.